Wutsiyar Uku

Jikanyata ce ta tayar mini da wannan tsohon zance, ita kuwa ba ta ma san ta yi ba. Kaza ta ƙyanƙyashe mana a bayan ɗakin girki, yarinyar ta tsuguna tana bin 'yan tsakin da yatsa tana cewa wan, tu, tiri, fo. Da ta gama da su sai ta juyo kan ƙannenta da ke zaune bisa tabarma, ta bi su da yatsan nan da muryar nan, wan, tu, tiri. Na ce mata, "Ke, 'yan tsaki da ɗiyan mutane duk baki guda gare ki?" Ta dube ni ta ce, "To Kaka, ba duk lamba ba ce?" Amsar tana da tsawo, ita kuma tana da saurin tashi.

Ba laifinta ba ne. Yau a Mafara ko tsohuwar da ba ta taɓa taka ƙofar makarantar boko ba, in ka ce ta ba ka lambar wayar ɗanta, da Turanci za ta zubo maka ita, ziro kaza, eit kaza, ba ko tuntuɓe. Ni ma da nake wannan surutu haka nake yi. Na taɓa gwadawa da Hausa a wurin mai cajin waya, na ce sifiri, takwas, sai yaron ya ɗago kai ya ce in yi haƙuri in faɗa masa yadda zai gane. Na faɗa masa da Turancin da ban iya ba, ya gane. Daga nan na san an ci mu.

A gidan da na tashi, ƙirga ba iri guda ba ce. Kakata, wadda ta haifi babana, tana da tata, kuma ba ta yarda da ta kowa ba. Lokacin kaka, in an kawo gero daga gona, ita ke zama bakin rumbu a kan turmi kife, 'yan aiki na miƙa dammuna sama tana ƙirgawa da ƙarfi, na goma ta ce a jingine shi gefe, wannan na zakka ne. In ta wuce goma sha tara ba ta cewa ashirin, sai ta ce hauya, ko gomiya biyu, daga nan gomiya uku, gomiya huɗu, har ta kai zangu, wato ɗari. In muka yi mata dariya sai ta ce ashirin da talatin ɗinmu duk kayan aro ne, Larabawa suka ba mu, ita da kayan gidan ubanta take aiki. Goma sha taran ma ba ta faɗarsa haka, sai dai ta ce saura ɗaya ya cika, kamar yadda 'yan kasuwa ke cewa ashirin ba ɗaya. Akwai wata Bayarabiya mai sayar da tasoshi da ke shigowa gidanmu, ita ta gaya wa Kaka cewa su a yarensu goma sha biyar ma daga ashirin ake cire biyar a same shi. Kaka ta ce lallai Yarbawa mutane ne masu hangen gaba, tun daga ranar take ba matar nan kujera.

Babana tela ne, amma ya yi karatun littattafai, shi da Larabci yake ƙirga a zuci. Shi ya nuna mini cewa Balarabe in zai ce ashirin da biyar sai ya fara da biyar ɗin, ya ce biyar da ashirin. Kaka ta ce wannan rashin tarbiyya ne, a sa yaro gaban babba. Shi ya gaya mini kuma sunan garinmu ma, Talata Mafara, ƙirga ne, Talata uku ce, rana ta uku, Laraba huɗu, Alhamis biyar, muna ta kiran lamba kullum ba mu sani ba. In zai rubuta awon riga a jikin bango da gawayi, biyar ɗinsa zobe ne, sifiri ɗigo kamar ƙwayar gero, bakwai kamar ƙahon sa ya buɗe sama, takwas kuma a kife shi. Rubutunsa daga dama yake tafiya, amma in ya zo kan lamba sai hannun ya koma hagu, na tambaye shi dalili ya ce haka ya taras. Da aka sa ƙanena boko sai rikici ya shigo gida. Yaro ya dubi zoben da ke bango ya ce wannan ba kome ba ne, sifiri ne. Ya dubi shidan Baba ya ce bakwai ne. Baba ya ajiye almakashi ya ce, "Wanda kac ce ba komi na ba, da shi ni ɗinka rigar da ke wuyanka." Ba su taɓa shiryawa a kan zoben nan ba har Baba ya rasu.

To wannan duk wasa ne. Ƙirgar da ta shiga jikina, a gidan miji na koye ta.

Cikin Fulani na yi aure, irin waɗanda suka zauna wuri guda suna noma suna kiwo, a wani ɗan ƙauye kusa da gulbi ta wajen Maradun. Maigidana yakan kawo wa Baba ɗinki ranar kasuwa, a nan ya gan ni, ni ma na gan shi, ba sai na tsawaita ba. Ubansa ya riga ya rasu, gidan yana hannun uwarsa, kowa Inna yake ce mata. Doguwa ce, siririya, ba ta da yawan magana, in ta yi kuma ba ta maimaitawa. 'Ya'yanta maza uku ne, maigidana shi ne na fari, sai Sambo, sai Yero. Sunayen nan ma ashe ƙirga ne, a wurinsu Sambo ɗa na biyu ne, Yero na uku. Amma in baƙuwa ta tambaye ta 'ya'yanta nawa, biyu take cewa. Ɗan fari ba ya shiga lissafi, ba ta kiran sunansa, ba ta duban fuskarsa, in tana son a ba shi abinci sai ta ce da ni, "Ki kai ma wancan." Mu Hausawa ma muna kunyar ɗan fari, amma tasu ta fi tamu nisa. Ni kuwa sunana a bakinta 'yar Haɓe, wato 'yar Hausawa, ba da faɗa ba, haka dai take kirana, kamar yadda za a ce jar saniya ko farar saniya.

Abu na farko da ya ba ni mamaki shi ne ba a ƙirga shanu. Ni da na saba da Kaka a bakin rumbu, ranar da na fara nuna garke da yatsa ina ɗaya, biyu, sai Yero ya kama hannuna ya sauke, ya ce ba a yi. Kowace saniya da sunanta da na uwarta, in wata ta ɓace idonsu ke gaya musu. 'Yan maruƙa kuwa akwai dangwali, doguwar igiya mai madaukai da ake ɗaure su da maraice, in madauki guda ya kwana wofi an san akwai wanda bai dawo ba. Amma sauran abubuwa ana ƙirga su, ƙore, da ludayi, da curin man shanu, a nan na fara kama Fillanci. Da hantsi, an gama tatsa, maza sun kora, gida ya yi shiru sai kukan maruƙa da ƙarar gorar da Inna ke kaɗa nono a ciki, cukus, cukus, ni ina wanke ƙore ina jerawa tana faɗa ina bi: go'o, ɗiɗi, tati, nayi, joyi. Daga biyar sai su sake komawa baya, shida biyar-da-ɗaya ne, bakwai biyar-da-biyu, har a kai sappo, goma. Na ce ashe Fulani hannu guda suke gamawa kafin su taɓa ɗayan. Inna ta ce ai mai tatsa bai san hannu biyu wofi ba.

Na ɗauka na iya. Wata rana baƙi suka yi sallama daga Bakura, dattawa, dangin uban maigidana. Inna tana cikin ɗaki ta tambaya su nawa ne, ni kuma don in burge matan da ke tsakar gida sai na ɗaga murya na ce, "Tati." Sai matan suka fashe da dariya har da riƙe ciki. Inna ta leƙo, fuskarta ba alamar wasa, ta ce, "To 'yar Haɓe, kai su ga dangwali ki ɗaure, ki zuba musu dussa." Da baƙin suka tafi ta zaunar da ni. Ta ce tati na shanu ne, da ƙore, da itace, da duk abin da ba mutum ba. Mutum yana da nasa: ɗiɗo, tato, nayo. Kan kalmar guda ne, wutsiyar ce ta bambanta. Ta ce, "Ku Haɓe ƙidayarku gundulmi ta, ba ta da wutsiya. Ukku ga jaki, ukku ga liman." Na ji haushi a ranar, na ce a raina wannan fi'ili ne kawai, ai mu ma muna cewa mutum uku. Amma na riƙe, don ba na son a sake yi mini dariya.

A lokacin ba a datse gulbi ba, ruwa yana zuwa yadda ya ga dama. In damina ta kankama, shuka ta tsiro, dole a fitar da shanu daga cikin gonaki a kai su dajin ƙetare. Shekarar da nake da cikin fari, da safe bayan tatsa, su ukun suka kora garke suka nufi mashigi, can ƙasa da ƙauyenmu. Sama tas, ko girgije babu. Ashe an kwana ana ruwa ta gabas, mu ba mu sani ba. Wajen azahar ina daka sai na ji wani ruri daga gulbi, irin wanda ba ka ji da kunne kaɗai, har a tafin ƙafa kake jin sa. Na dubi Inna. Tana zaune ƙofar ɗakinta da gora a cinya, ba ta dube ni ba.

La'asar ta yi sai ga Mamman mai fito, wanda ke ƙetarar da mutane a jirgi. Ya yi sallama ya durƙusa daga nesa, ya shiga gaisuwa, ina wuni, ina gajiya, ina ruwa, yaya gida, yaya shanu, ya kai ƙarshe ya sake komowa farko. Duk wanda ya san Mamman ya san ba mai doguwar gaisuwa ba ne. Matan maƙwabta suka fara taruwa a bakin darni.

Inna ta ce, "Mamman, hwaɗi abin da ak kawo ka."

Ya ce, "Inna, wani tsoho na ag ga hayi, baƙo, yana ta kira da Hillanci. Gulbi ya cika, jirgi ba ya shiga, ruwa na ruri, ban ji duka ba. Abin da ni kama dai, ga mashigi ruwa ya ci ukku."

Uku suka fita daga gidan nan da safe. Taɓarya ta faɗi daga hannuna. Wata daga cikin matan ta ɗora hannu a ka za ta fasa kuka, Inna ta dube ta sau ɗaya, matar ta haɗiye kukan. Gorar ba ta tsaya ba. Inna ta ce, a hankali, kamar mai tambayar farashin gishiri, "Tati yac ce, ko tato?"

Mamman ya ce, "Inna, ni Hillancina na sayen nono na. Ukku dai ni ji. Ukku ai ukku ta."

Sai a lokacin na gane halin da muke ciki, ni da ita. Ba ta da bakin da za ta ce ɗana yana da rai, a gaban mutane, alhali ɗan fari na ciki. Ni ba ni da bakin da zan kira sunan mijina. Abin da ya rage mana mu tambaya da shi, wutsiyar kalmar nan ce kaɗai, ita kuma Mamman ya bar ta a gulbi. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba, ban kuma sake ji ba. Ban nemi izini ba, ban ɗauki mayafi ba, na fita.

Na taras da maza cike da gaɓa. Ruwan ja wur, yana tafe da itatuwa da ciyawa da rufin bukkar wani. Can hayi ga tsohon nan, ɗan ƙarami saboda nisa, da malafa da sanda. Mazan suna ta ihu da Hausa, mutane ko shanu, mutane ko shanu, ruwa yana cinye maganar tun ba ta kai tsakiya ba, shi kuma da alama Bafillacen daji ne, ko ta kai ba lallai ya ji ba. Abin da yake yi kawai ya ɗaga sanda sau uku ya sauke. Kowane ɗagawa sai in ji kamar a ƙirjina. Wani dattijo ya gan ni ya ce in koma gida, nan ba wurin mace mai ciki ba ne. Na wuce shi na hau saiwar wata giyayya da ruwa ya tone. Na sha ganin yadda su Yero ke kiran juna a daji, ba su jera magana, kalma guda suke ɗauka su ja ƙarshenta har ta kai inda za ta. Na haɗa hannu biyu a baki, ni amaryar da ko a tsakar gida ba a jin muryata, na ce, "Tatooo?"

Tsohon ya daina ɗaga sanda. Ya cire malafa ya karkato da kai. Na sake cika ƙirji na ce, "Tatooo? Tatiii?"

Ya haɗa hannu a baki shi ma. Kan kalmar bai iso ba, ruwa ya cinye shi. Wutsiyar ce ta ƙetaro, siririya, doguwa, iiii. Na ce ko kunnena ne ke ba ni abin da nake so, na sake tambaya. Ya sake ja, iiii, har sai da numfashinsa ya ƙare. Na zame na zauna cikin laka.

Mazan suka yo kaina, mi yac ce, mi yac ce. Na ce, "Shanu na." Mamman da ya biyo ni ya ce, "Ke ƙaƙa kinka sani? Ni ko yanzu ukku ni ji." Na ce masa ya ji uku, bai ji wutsiyarta ba. Ya dubi sauran, ina jin sun ɗauka ruɗewa ce ta taɓa ni.

Da na koma gida rana ta yi ƙasa. Inna tana inda na bar ta, gora a cinya, tana kaɗawa. Na durƙusa gabanta da laka har gwiwa na ce, "Inna, tati." Hannun ya tsaya. Ta ce, "Asara ta. Allah shi maida alheri." Ta miƙo mini gorar ta ce in je in tsame man. Da na karɓa sai na ji ta sakayau. Babu kome a ciki. Ƙwaryar nonon tana gefenta cike, rufe da faifai, tun azahar ba ta zuba ba, ni ma tsoro bai bar ni na lura cewa ƙarar nan ta cukus, cukus ta ɓace ba. Matan maƙwabta suna tsaye. Na rungume gorar kamar mai nauyi, na ɗauki ƙwaryar, na zaga bayan ɗaki na zuba na kaɗa, na kawo mata man. Ba mu taɓa tayar da zancen gorar nan ba har ta bar duniya.

Da ruwa ya janye suka dawo, su ukun, a rame, Sambo da rauni a ƙafa. Ambaliyar ta same su tsakiyar mashigi, garke ya watse, suka bi shi cikin daji, shi ya sa suka roƙi tsohon ya kai labari. Cikin shanu ukun da suka tafi har da jar saniyar sadakina. Maigidana ya yi ta kewaye-kewaye ya rasa ta inda zai gaya mini, da ya faɗa kuwa sai na kama dariya, ya tsaya yana kallona, ya ce ko dai cikin ne. Inna ba ta dube shi ba. Sunayen shanun ta tambayi Yero, ɗaya bayan ɗaya, ta jinjina kai. Amma tuwon da ta ce in kai wa wancan a ranar, man shanun da ke kansa ya isa mutum biyar.

Yau duk babu su. Inna ta tafi, maigidana ya tafi a kan gadonsa da furfurarsa, shanun sun ƙare, zaman ƙauyen ma ya gagara, muka tattaro muka dawo Mafara. 'Ya'yana suna jin Fillanci ba su mayarwa, jikokina ko ji ba su yi. In labari mara daɗi ya zo ta waya daga wajen daji, lamba ake faɗa tsirara, an tafi da kaza, an rasa kaza, sai daga baya a ce mene ne. Har yanzu kunnena wutsiya yake jira, ba ta zuwa. Ina kewar harshen da ko a cikin tashin hankali bai yarda ya haɗa mutum da dabba a baki guda ba, ina kuma kewar matar da ta koya mini shi.

Bayan ruwan nan da 'yan watanni, na haihu na yi arba'in, muka ɗauki nono ni da Inna muka kai kasuwar Maradun. Wata Bafillata baƙuwa ta sauke ƙwaryarta kusa da mu, suka gaisa, hira ta yi hira, ta tambayi Inna 'ya'yanta nawa. Ina goge ludayi ina jiran in ji ɗiɗo kamar kullum. Inna ta ce, "Tato."

Na bari sai a hanyar komawa, da muka wuce gonaki ba kowa. Na ce, "Inna, yau kin ƙidaya ɗan fari ke nan."

Ba ta juyo ba, tana gaba da ƙwarya a ka. Ta ce, "Wa ƙidaya shi? Sambo. Yero." Sai ta tsaya, ta waiwayo, ta nuna ni da haɓa.